Ɗigo Biyu na Man Keke

"Baffa, ya sake ƙi," in ji Auta, ta miƙo alƙalamin ta saman keken ɗinkin da Mai Gyara ya kwance. "Tun safe Baba yake jan sa a takarda, ko ɗigo bai fito ba."

Mai Gyara bai ɗago kai nan take ba. Sukudireba na hannunsa, ƙananan kusoshi uku na bakinsa, telan da ya kawo keken kuwa yana tsaye a kansa yana ta duba agogo. Ya tofa kusoshin a tafin hannu, ya goge yatsu da tsumma, sannan ya karɓa.

Ya san alƙalamin nan kamar yadda ya san mai shi. Shekara talatin da ɗaya titi ɗaya siriri ne kawai tsakanin shagonsa da tagar ɗakin Akawu, uban Auta. Baƙin alƙalami ne na roba, irin mai shan tawada daga kwalba, mafi arha a kantin da aka saye shi, wanda ake saya wa ɗan koyo don ko ya yar ba za a yi kuka ba. Akawu ya saye shi ne a makon da ya fara aikin ofis, da niyyar in ya zauna da gindinsa zai sayi na manya. Ya yi aikin, ya tsufa a kansa, ya ajiye, na manyan bai sayu ba. Murfin ya tsage tun tuni, Mai Gyara ne ma ya ɗaure masa shi da baƙin zare.

Kuma alƙalami ne mai mugun hali. Ka bar shi a buɗe gwargwadon shan kofin shayi, ya bushe. Ka sa shi a aljihu baki ƙasa, ya yi maka amai a riga. Rana ta yi zafi, ya yi gumi cikin murfinsa. Duk wanda ya riƙe shi sai ya tashi da shuɗin yatsa. Mai Gyara ya sha cewa, "Da keke ne wannan, da tuni na sayar wa masu gwangwan." Akawu kuma ya kan ce, "Kai ai ko matarka ce ta yi tari, mai za ka ɗiga mata." Daga nan sunan Sarkin Mai ya bi shi.

Amma alƙalamin yana da abu guda da biro ba shi da shi: ba ya buƙatar a danna shi. Ka ɗora bakinsa a takarda ka ja, nauyin kansa ya isa. Wannan kuwa shi ne ya zama komai tun wata biyar da suka wuce, da ciwon maƙogwaro ya ɗauke muryar Akawu ƙaf. Hannunsa ya yi laushi kamar tsumma, kansa ya kama rawa ba ya tsayawa. An ba shi biro, bai iya danna shi ba. An ba shi fensir, sai wani ɗan toka-toka da ba mai iya karantawa. An ba shi waya, yatsansa ya taɓa harafi uku a lokaci guda. Tsohon alƙalamin nan ne kaɗai ya yarda da hannun. Da shi yake neman ruwa, da shi yake cewa a juya shi, da shi yake zagin Mai Gyara idan ya leƙo gaishe shi.

Mai Gyara ya ɗaga bakin alƙalamin ga hasken ƙofa. Busasshiyar tawada ta yi ɓawo a ɗan tsagin da ke tsakiyar ƙarfen. Shekara arba'in yana gyara, kuma a saninsa duk ƙarfen da ya cije abu ɗaya yake nema. Bai tambayi kowa ba, don mutumin da ya saba a tambaye shi ba ya tuna tambaya. Ya jawo 'yar butar man keke mai dogon baki, ya ɗiga ɗigo biyu, ya goge, ya ja a bayan kwali. Layi biyu suka fito sumul, har da sheƙi.

"Ungo. Ki ce masa Sarkin Mai ya yi aikinsa."

Ta tafi da sauri, shi kuma ya mai da kusoshinsa baki.

Washegari da hantsi babban ɗan Akawu ya iso daga garin da yake aiki, tafiyar awa shida a mota. Kowa a layin Manaja yake ce masa. Mai Gyara ya rufe shago ya tsallaka don yi masa sannu da zuwa, sai ya tarar ana cikin rigima.

Ɗakin ƙarami ne. Gadon ƙarfe a jikin taga, kujera ɗaya, tebur mai kwalaben magani da kwalbar tawada da littafin rubutu. Akawu na jingine da matasai uku, fuskarsa wajen tagar, inda yake ganin titi da famfo da ƙofar shagon abokinsa. Manaja na tsaye a tsakar ɗaki bai ko cire takalmi ba.

"Baffa, gara da ka zo," ya ce. "Ka yi wa yarinyar nan magana. Na samo masa gado a babban asibiti can wajenmu. Motar asibiti za ta zo gobe ƙarfe tara. Ita kuma ta kafe wai ba za shi ba."

"Ba ni na ce ba, Yaya. Shi ya ce," in ji Auta. "Likitan da ke zuwa ya faɗa mana, babu abin da za su ƙara masa sai robobi a hanci. Baba ya ji da kunnensa. Ya rubuta mini ba ya son a raba shi da ɗakin nan."

"Ina takardar?"

Ta buɗe littafin ta nuna masa. Shafin ya kumbura ya bushe, babu komai a kansa sai wani shuɗin gajimare. Ranar da take goge wa uban jiki, ruwan roba ya fantsama a kai, tawadar kuwa irin mai gudu ce da zarar ta ga ruwa.

"Wannan ce shaidar taki?" Manaja ya juya wajen gadon ya durƙusa. "Baba, ni ne. Kana son in tafi da kai a duba ka?"

Kan tsohon ya yi ta rawa, sama da ƙasa, hagu da dama.

"Kin gani, ya yarda."

"Haka kansa yake yi ko ba a tambaye shi ba, Yaya. Wata biyar ina nan, na sani."

Maganar wata biyar ɗin ta soke shi. Ya miƙe. "Haka aka yi da Mama. A ɗakin nan kuka zuba mata ido, kuna cewa da sauƙi, da sauƙi. Ina hanya aka kira ni. Ba za a sake mini haka ba." Ya goge fuska da tafin hannu. "Shi ke nan. Ba shi alƙalamin. In ya rubuta a gabana, da hannunsa, cewa ba za shi ba, ni da kaina zan sallami motar. In bai rubuta ba, gobe sai tafiya."

Auta ta ɗora littafin a kan matashi, ta cire murfin, ta saka alƙalamin tsakanin yatsun uban. Akawu ya ja. Babu komai. Ya sake ja. Tawadar ta taru a kan ƙarfen ƙwaya-ƙwaya kamar gumi, ta ƙi gangarowa. Inda bakin ya bi, sai wani ɗan maiƙo da ya sa takardar ta yi haske.

"Tun jiya da yamma haka yake yi," in ji Auta. "Ya rubuta kalma uku ya tsaya."

Manaja ya buɗe aljihun tebur ya ciro wani akwati, a ciki akwai alƙalami mai ruwan azurfa da ya aiko wa uban shekarun baya. Ya sa masa a hannu. Ƙarfe ne zalla, nauyinsa ya fi ƙarfin yatsun, ya zame ya faɗi a kan bargo. Ba a ma taɓa zuba masa tawada ba.

Akawu ya lalubo tsohon nasa. A hankali ya ɗaga shi zuwa hancinsa, ya shinshina. Sannan idanunsa, waɗanda su kaɗai ne ba sa rawa a jikinsa, suka zagayo suka tsaya a kan Mai Gyara.

Mai Gyara ya duba taga.

"Shekara arba'in yana rubutu," in ji Manaja, yana kallon ƙanwarsa, "sai ranar da na zo zai mutu? Me kika yi masa? Tsoron abin da zai rubuta kike yi, ko? Kin gaji, ba kya son zaman jinya a asibiti, shi ne kika ƙirƙiro magana kika sa a bakinsa."

"Yaya!"

Ta toshe baki ta fita. Aka ji kukanta a tsakar gida.

Nan ne ya kamata dattijo ya buɗe baki. Kalma huɗu ce: ni na sa mai. Amma Mai Gyara mutum ne da tela goma sha suke rantsuwa da hannunsa, bai taɓa mayar wa kowa keke a lalace ba, kuma yaron nan da ke tsaye a gabansa shi ya taɓa goye a kafaɗa. Abin da ya fito shi ne, "Kawo in duba." Ya zare alƙalamin daga yatsun abokinsa ba tare da ya kalli fuskarsa ba, ya fita.

Bai koma shago ba. Ya bi kantunan littattafai ɗaya bayan ɗaya cikin zafin rana, da niyyar ya sayi sabo ya rufe maganar. A na farko yarinyar kanti ta juya alƙalamin ta ce, "Baba, ta ina ake danna shi?" A na biyu aka nuna masa biro kala bakwai. A na uku aka ce ya dawo wata mai zuwa. Na huɗun wani ɗan lungu ne a bayan gidan waya, wata tsohuwa mai tabarau a ɗaure da igiya tana zaune cikin tarin ambulan.

"Rabona da sayar da irin wannan tun haƙorana na gaba suna nan," ta ce. Ta cire murfin ta shinshina, ta yamutsa fuska. "Wa ya sa masa mai?"

"Wani abokina ne."

"Abokin naka da me yake tunani, da gwiwa? Tawada ruwa ce, malam. Ta ɗan tsagin nan take bi kamar yadda ruwa ke bin zare. An shafe mata hanya da maiƙo, ta ina za ta wuce? Da ruwa kawai ya tsoma shi, da tuni ya rubuta wasiƙa goma."

"To yanzu ya za a yi?"

"Ni sayarwa na iya. Ka koma wajen abokin naka mai hikima." Ta leƙo ta saman tabarau ta kalli yatsunsa masu baƙin mai. "Ka gaishe shi."

La'asar ta yi ya shiga gida. Matarsa na bakin rariya tana wanke-wanke. Ya ɗauko gwangwanin kananzir da yake wanke kayan keke da shi, ya tsiyaya a murfin kwalba, ya kwance alƙalamin gida biyu. A ciki akwai 'yar robar da ake matsawa ta sha tawada, ta tsufa ta yi laushi.

"Malam, me za ka yi?"

"Aiki."

"Na Akawu ne wannan. Auta ta shigo nan ɗazu, idonta kamar an zuba barkono." Ta tsame hannu daga kumfa ta matso. Ta kalli alƙalamin, ta kalli kananzir, ta kalli mijinta. Shekara arba'in da uku tana karanta fuskar nan. "Kai ne."

"Ɗigo biyu ne kawai."

"Shi ne za ka bi shi da kananzir ya cinye robar, a huta gaba ɗaya? Miƙo nan."

"Ke me kika sani a gyara?"

"Gyara ban sani ba. Maiƙo kuwa tun ba ka yi gemu ba nake fama da shi. Miƙo, na ce."

Ya miƙa. Ta ɗauko ƙaramin kofi na gilashi, ta surka ruwa ya yi ɗumi kaɗan, ta gwada da gwiwar hannu kamar za ta yi wa jariri wanka. Ta ɗiga sabulun wanke-wanke. Ta tsoma bakin alƙalamin, ta matsa robar, ta saki, ta matsa, ta saki. Ruwan ya zama shuɗi, ƙananan idanun mai suka taso sama suna yawo. Ta zubar ta sake. Sau tara tana sakewa. Mai Gyara na tsugune a gefe kamar wanda ya kawo mara lafiya.

A na bakwai ya tashi ya ɗauko zare mafi siriri da yake da shi, ya jiƙa da ruwan sabulu, ya zura a tsagin ƙarfen ya ja shi a hankali, gaba da baya. Wannan kam hannunsa ya iya. Zaren ya fito baƙi. Ya sake da wani, ya fito fari.

Ta ɗauraye da ruwa zalla har kumfa ta ƙare, ta naɗe bakin da tsohon ƙyalle mai tsabta, ta tsayar da shi a kofi baki ƙasa.

"Ya kwana haka ya tsane. Kada ka taɓa shi. In na ga ka doshi wajen da butar nan taka, a rijiya za ta kwana."

"Zai yi?"

"Ban sani ba." Ta koma kan kwanukanta. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ko ya yi ko bai yi ba, yarinyar nan ta sha zagi a kan laifinka. Wata biyar tana kwashe kashin ubanta, yau an ce mata maƙaryaciya a gabanka, kana tsaye da gemunka."

Abincin da ta ajiye masa ma haka ta ɗauke shi.

Washegari tara saura kwata motar ta tsaya a ƙofar gidan Akawu, fara, ta cika titin. Mutum biyu suka sauko da gadon ɗaukar mara lafiya suka jingine a bango. Mata a bakin famfo suka bar bokitansu suna kallo. Mai Gyara ya tsallaka da kofin a hannu, bai ko cire ƙyallen ba.

A ɗaki an riga an haɗa jaka. Auta ta sa wa uban riga mai tsabta, tana zaune a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa. Akawu ya riƙe ƙarfen gadon da hannu ɗaya, riƙon da yaro ɗan shekara biyu zai iya ɓamɓarewa.

"Manaja, tsaya," in ji Mai Gyara. "Kafin a taɓa shi, ka ji. Ƙanwarka ba ta yi wa alƙalamin nan komai ba. Wajena ta kawo shi shekaranjiya. Ni na ɗiga masa man keke, ni na kashe shi. Jiya ina tsaye ka zage ta, na yi shiru don kunya. Ke Auta, ki yafe wa tsohon banza."

Auta ta ɗago kai.

"An wanke shi. Ban sani ba ko zai yi. Amma kai ka ce in ya rubuta za ka sallami mota. Ka ba shi minti goma."

Manaja ya duba agogo, ya duba ubansa. "Minti goma, Baffa."

Mai Gyara ya buɗe kwalbar tawada, ya tsoma, ya matsa robar sau uku. Tawada ta ɓata masa babban yatsa. Ya haɗa alƙalamin ya ja a littafi. Wani layi ya fito fari-fari kamar ruwan wanki, ya yanke. Ya sake ja. Babu. Ya yarfa shi, ɗigo ya faɗa a kan wandon Manaja. A waje direba ya danna oda sau biyu.

Sai aka ji ƙarfen gado ya yi ƙara. Akawu ne ya saki riƙonsa, ya buɗe tafin hannu.

Aka sa masa. Bai kai shi takarda ba. Ya dunƙule shi cikin hannu, baki ƙasa, ya rungume a ƙirji, ya rufe ido. Manaja ya motsa zai yi magana, Auta ta ce, "Ɗumama shi yake yi. Haka yake masa da sanyin safiya." Da aka jima tsohon ya buɗe ido ya kalli kofin ruwan da ke tebur. Auta ta gane, ta ɗebo a cokali ta kawo. Ya taɓa bakin alƙalamin a ruwan, taɓawa ɗaya, ya ɗora a farcen babban yatsansa ya ja. Shuɗin layi ya kwanta a farcen.

Ta tura masa littafin.

Ya daɗe yana rubutun. Haruffan sun karkace, wasu sun hau kan wasu, amma hannun Akawu ne, wanda duk layin suka sani a takardun neman aiki da na makaranta da ya rubuta musu kyauta. Alƙalamin bai yanke ko sau ɗaya ba. Da ya gama, Manaja ya ɗauka ya karanta a fili, muryarsa na sauka da kowane layi.

"Nan zan zauna. Auta ba ta yi ƙarya ba. Mamarku ma ita ta ce a bar ta, ni na ɓoye maka. Cire takalmi ka zauna kusa da ni."

Manaja ya mayar wa uban littafin. Sannan ya fita. Ta taga suka ga yana magana da direba, suka ga an mai da gadon cikin mota, suka ga motar ta ja baya da ƙyar ta fice daga layin. Da ya dawo, a bakin ƙofa ya bar takalmansa.

Akawu kuwa bai saki alƙalamin ba. Ya ƙara wani layi a ƙasa, ya tura littafin wajen Mai Gyara da ɗan yatsa. Mai Gyara karatunsa a hankali ne, sai da ya haɗa harafi da harafi.

"Wannan ba keke ba ne, jaki."

Ya yi dariya har hawaye ya zubo, ya rasa na mene ne.

Kwana biyu aka yi cikin sauƙi. Manaja ya koyi juya uban, ya koyi mayar da murfin alƙalami da zarar an gama. A rana ta uku numfashi ya fara wuya. Tun daga shago Mai Gyara yake jin sa, wani ja mai ƙara kamar ana zuƙar ruwan da ya ƙare a kofi. Likita ya zo ya yi allura ya tafi, ya ce abin da ake jira ne. Allurar ta rage, ba ta hana ba.

Da azahar Mai Gyara ya tsallaka, ya tarar da Manaja a zaure ya jingina goshi da bango.

"Baffa, kana jin sa?"

"Ina ji."

"Da can yake, da an sa masa iska. Da bai sha wannan wuyar ba." Ya juyo, idanunsa jajur. Ba da faɗa ya yi maganar ba, shi ya sa ta fi ciwo. "Da ka bar alƙalamin nan a mace, da yanzu yana kan gado mai na'ura. Gyaran nan da ka yi, ka tabbata alheri ka yi masa?"

Mai Gyara ya wuce ciki.

Akawu ya rame a kwana biyun nan fiye da wata biyar. Bakinsa a buɗe, ƙirjinsa na hawa da sauka. Mai Gyara ya zauna a bakin gado ya sunkuya daidai kunnensa.

"Kai, mai shuɗin yatsa. Ni ne. Wuya ta yi yawa? In ka canza shawara a kira motar, ba abin kunya ba ne. Ni ma na yi abin kunya na rayu. Rubuta mini."

Ya cire murfin, ya sa masa a yatsu, ya tallafo littafin. A ransa yana cewa yau ma zai ƙi, ya san halinsa. Amma alƙalamin bai ƙi ba. Yana taɓa takarda ya ba da tawada, mai kyau, mai duhu. Hannun ne ya ƙi. Ya fara wani abu kamar harafi, sai ya sulale, layin ya gangara har ƙarshen shafi, ya sauka a kan zanen gado ya tsaya. Tawada ta yi ta yaɗuwa a farin zanen, ta yi faɗin kwabo, kafin Auta ta zare shi.

"Me ya ce?" in ji Manaja daga bakin ƙofa.

Mai Gyara ya nuna masa shafin. Layi ɗaya ne, dogo.

Washegari da hantsi numfashin ya yi sanyi, ya yi nisa tsakani. Auta ta ɗage labule. Rana ta shigo ta kwanta a kan bargo, ana jin ƙarar bokiti a bakin famfo da wata mata tana kiran 'yarta. Fuskar Akawu na wajen taga, kansa a kan hannun Manaja. Ba wanda ya lura da lokacin da rawar kan ta tsaya, sai da Auta ta ce, "Yaya, ya daina."

Bayan mako guda Manaja ya koma bakin aikinsa. Kafin ya shiga mota ya zo shago ya gaida Mai Gyara da hannu biyu. Bai sake tada waccan maganar ba, bai kuma janye ta ba. A aljihun rigarsa akwai takardar uban, ya naɗe ta cikin leda biyu saboda ruwa.

Da la'asar Auta ta tsallako, ta ajiye alƙalamin da kwalbar tawada a kan teburin aiki, tsakanin sukudireba da kwalin allura.

"Ya taɓa rubuta mini, in ya tafi a ba ka. Wai ka koyi haƙuri da shi." Ta ɗan yi murmushi. "Ka riƙa tsayar da shi baki sama, Baffa."

Ta tafi. Mai Gyara ya zauna yana kallon abin. Zaren murfin ya fara saki. Ya warware shi, ya yanko sabo, ya naɗa a hankali ya ƙulle. Ya ɗauki butar mai ya miƙa hannu ya ɗora ta can saman kanta, ya tsayar da alƙalamin a cikin kofin gilashi.

A tsallaken titi an buɗe tagar don ɗakin ya sha iska. Gadon babu katifa. A igiyar da ke gefen gidan, farin zanen yana shanye, an wanke shi, tabon tawadar ya fita saura wata inuwa kaɗan da sai wanda ya san wurin zai gani. Iska ta ɗaga shi ta sauke.